Sinawa Na Haƙar Saiwar Turanci, Yaran Kafanchan Na Yawo Da Ita A Baki

Daga Wakilinmu na Arewa

A shekarar 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 ne suka ba da sunayensu don zaman jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, wadda su can suke kira Gaokao. Darussa uku ne tilas a cikinta, watau Sinanci da Lissafi da harshen waje guda, kuma galibin yaran Turanci suke ɗauka. Ga shi kuwa tsakanin Sinanci da Turanci babu dangin iya babu na baba. Bafaranshe ko Bajamushe in ya buɗe littafin Turanci zai yi ta cin karo da kalmomin da suka yi kama da nasa. Basine kuwa sai dai 'yan tsiraru, ko baƙaƙen rubutun ma ba irin nasa ba ne.

To, yaya suke yi da wannan jan aiki? Hadda dai suna yin ta, har abin ya zama abin faɗa. Amma akwai wata dabara da ta yi kasuwa a wurinsu. Maimakon ɗalibi ya haɗiye kalma ɗungurungum kamar ƙwayar magani, sai a koya masa ya fasa ta, ya ga saiwar da ke tsakiya, da abin da aka liƙa mata a gaba, da wanda aka liƙa mata a baya. Malaman Hausa suna kiran waɗannan ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. In ɗalibi ya riƙe saiwa guda, ya riƙe kalma goma ko ashirin ke nan.

Cikin waɗanda suka fi cin kasuwar wannan dabara akwai wani malami mai suna Yu Minhong. Ɗan manoma ne daga lardin Jiangsu. Sau biyu yana faɗuwa Gaokao, Turanci na cikin abin da ya kayar da shi, sai a karo na uku, cikin 1980, ya sami shiga Jami'ar Beijing. A 1993 ya buɗe makarantar koyon Turanci mai suna New Oriental, wadda daga baya ta zama ƙasaitaccen kamfani. Littafin kalmomin da ya tsara wa masu neman tafiya karatu Amurka, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Jan Littafi saboda launin bangonsa, a kan saiwar kalmomi aka gina shi.

Ba banza ba dabarar ta zauna wa Sinawa daram. Rubutunsu ma haka aka ƙera shi. Kowane harafi nasu ɗan zane ne, kuma yawancinsu haɗe-haɗe ne na guntaye. Akwai wani guntu mai ɗigo uku da ke nufin ruwa. Za ka gan shi a gefen harafin kogi, da na teku, da na wanki, da na hawaye. Zanen itace guda itace ne, biyu kurmi, uku ƙungurmin daji. Tun wajen shekara ta 100 ta Miladiyya wani masani, Xu Shen, ya jera haruffa fiye da 9,000 a ƙarƙashin guntaye 540, ƙamusun da Sarki Kangxi ya sa aka gama cikin 1716 kuma ya tsaya a kan 214. Yaron da ya tashi yana fasa harafi ba zai ji baƙunci ba in an ce ya fasa kalmar Turanci.

Sai dai akwai inda Sinanci ya yi wa 'ya'yansa rowa: ba ya son aro. Da jirgin ƙasa ya je musu sai suka ce huoche, watau keken wuta. Tarho suka ce dianhua, maganar lantarki. Kwamfuta kuma diannao, ƙwaƙwalwar lantarki. Abin sha'awa ne, amma sakamakonsa shi ne Basine yana shiga ajin Turanci hannu rabbana, kowace saiwa sai ya saye ta da gumi. Wanda ya gaji kuwa sai ya koma wasa da kunne. Wasu ɗalibansu suna riƙe kalmar “ambulance” da wata jimlar Sinanci mai kama da ita a sauti, “an bu neng si”, ma'ana ba zan mutu ba! Alhali saiwarta tafiya take nufi, don asalinta sunan asibitin da ke tafiya tare da sojan Faransa ne.

ME YA HAƊA KIFI DA KASKA?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da wahalar mutanen Sin? Ai wahalar gida ɗaya ce. A Nijeriya ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, jarrabawar JAMB kuma ko likita kake so ka zama ko lauya, sai ka zauna takardar Turanci. Cikin watan Agusta na 2025 Hukumar WAEC ta fara ba da sanarwar cewa kashi 38 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Iyaye suka ɗora hannu a ka. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an sami kuskure wajen ba da maki, ta gyara zuwa kusan kashi 63. Ko da gyaran, fiye da yaro ɗaya cikin kowane uku ya tsaya a bakin ƙofa.

Bugu da ƙari, manufar nan ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2022, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta cikin watan Nuwamba na 2025, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa har sama. Masana suna ta ja-in-ja a kan wannan hukunci, ni ma ban ga alamar Turanci zai gyaru don kawai an kori harshen gida daga aji ba. Amma ko an so ko an ƙi, makomar ɗan talaka a Zonkwa ko Kagoro ko Kwoi tana rataye da yawan kalmomin Turancin da ya sani.

Wani masani a New Zealand, Paul Nation, ya auna a 2006 cewa sai mutum ya san iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da ya riƙa jan ƙamus ba. Wane yaro ne zai haddace wannan ɗaya bayan ɗaya? Sauƙin abin shi ne Turanci harshe ne mai cin bashi. Tun da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin waje suke kwarara cikinsa. Wasu masana biyu na Jamus da suka ƙidaya kalmomi wajen 80,000 na ƙamusun Oxford a 1973 sun tarar kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suke, kashi 28 daga Latin na Rumawa, kashi 5 daga harshen Girka. Faransanci kuwa ɗan Latin ne. Kalmomin littafi, waɗanda ke kayar da yara a jarrabawa, nan suka fi yawa. A jerin iyalan kalmomi 570 na karatun jami'a da Averil Coxhead ta fitar a 2000, fiye da kashi 80 cikin ɗari daga Latin da Girka suka fito.

GARIN DA JIRGI YA RAINA

In akwai wurin da ya kamata wannan dabara ta yi tsiro a ƙasar nan, Kafanchan ne. Mutanen Fantswam suna zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa, amma layin dogo ne ya mai da shi gari. An faro layin gabas daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, ya hauro ta Makurɗi, zuwa 1927 ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos saboda kuza. Hanya uku ta haɗu a wuri guda. Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da mutanen ƙasar suka taru neman abinci, Turanci a wurin aiki, Hausa a kasuwa. Yau tashar ta yi tsit, ba kamar da ba. Har ma Sinawan da muke zance sun shigo cikin labarin, don kamfaninsu na CCECC, wanda ya gina layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi aka bai wa gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri da Shugaba Buhari ya ƙaddamar cikin Maris na 2021, layin da ya ratsa ta Kafanchan.

Jiragen sun yi ƙaranci, amma kalmomin da suka sauke suna nan a bakin kowa. Ɗauki tasha. Daga “station” take, saiwarta kuwa “sta” ce ta Latin, ma'ana tsayawa. Tasha wurin tsayawa ce. Yaron da aka nuna wa wannan ba zai sha wuya ba in ya gamu da “statue”, gunkin da ke tsaye, ko “stable”, abin da ya tsaya da ƙafarsa, ko “constant”, abin da ya tsaya bai sauya ba, ko “obstacle”, abin da ya tsaya maka a gaba.

Ma'aikatan reluwe suna kiran rumfar gyaran injuna loko. Guntun “locomotive” ne, kalma mai saiwa biyu: ta farko wuri, ta biyu motsi, watau abin da ke motsawa daga wuri zuwa wuri. Ta farkon ita ce a cikin “local” da “location”. Ta biyun ita ce a cikin mota da muke hawa kullum, da “motion”, da “promotion” da kowane ma'aikaci ke addu'ar samu, wanda ba kome ba ne illa a motsa ka gaba. Shi kansa sunan da garin ya yi fice da shi, “junction”, mahaɗa ke nan. Malamin Turanci zai yi mako guda yana fama da yara a kan “conjunction”, alhali da ya nuna musu inda layin Jos ya haɗu da na Kaduna ya ce ga irin aikin da “and” da “but” suke yi a cikin jimla, da an wuce wurin.

Kwandasta mai jagora ne, saiwarsa ita ce a cikin “introduce” da “produce” da “reduce”. Sufeto mai dubawa ne, ɗan'uwan “respect” da “suspect” da “spectator”. Lebura da “laboratory” uwarsu ɗaya, aiki. Asibiti da otal ma ciki ɗaya suka fito, daga kalmar Rumawa ta baƙo, don dukansu masaukin baƙi ne, sai dai wani da ƙafarka kake zuwa, wani ɗauko ka ake yi.

Amma wadda ta fi ba ni dariya ita ce saiwar aikawa, wadda ke fitowa wani lokaci “mit” wani lokaci “miss”. Daga gare ta aka sami masinja. Daga gare ta aka sami mishan, watau waɗanda aka aiko, su da suka buɗe makarantu da yawa a wannan yanki. Daga gare ta kuma aka sami kwamiti da kwamishina. Ashe mai girma kwamishina da masinjan da ke tsaye a ƙofar ofishinsa 'yan ɗaki ɗaya ne, kowannensu ɗan aike! Yaron da ya ji wannan sau ɗaya, ina zai manta da ita in ya ga “transmit” ko “submit” ko “dismiss”? Haka nan fursuna. Saiwarsa kamawa ce, kuma ita ce a cikin “comprehension”, sashen nan na takardar Turanci da ke sa yara gumi. Fursuna wanda aka kama ne, “comprehension” kuwa kama ma'ana.

Basine sai ya biya kuɗin makarantar dare kafin a gaya masa “sta” tsayawa ce. Yaronmu tun yana goye yake jin uwarsa tana cewa za ta tasha.

Ba nan kaɗai gatan ya tsaya ba. Sabo da fasa kalma, wanda Basine ya samu daga rubutunsa, mu ma muna da irinsa. Duk mai jin Hausa ya san rubutu da marubuci da rubutacce gida ɗaya ne, haka karatu da makaranta. Kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci kuwa a kan saiwa mai baƙi uku suke tafiya. Hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk baƙaƙensu ɗaya. Ilimi da malam da alama haka. Sallama da salama da Musulmi haka. Waɗannan ba kayan masallaci kaɗai ba ne, don tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a majami'u da yawa na kudancin Kaduna da Hausa ake wa'azi.

A harsunan yankin ma abin yana nan ƙarara. Mutane Bajju ne, harshensu Jju, ƙasarsu Kajju. Mutane Atyap ne, harshensu Tyap. Mutane Agworok ne, harshensu Gworok. Yaron da ya san bambancin Bajju da Kajju ya riga ya san ɗafa-goshi, sunansa ne kawai ba a gaya masa ba. Wannan ma wani dalili ne da zai sa iyaye su daina barin waɗannan harsuna suna zubewa a gidajensu, domin da yawa daga yaran birni yanzu Hausa da Turancin buroka kawai suke ji, dattawan yankin kuma sun daɗe suna kukan haka.

To, me makaranta take yi da wannan dukiya? A wurare da dama tara ake cin yaro, ko a ba shi gwale-gwale, in an kama shi yana magana da harshen gida, a ce ya yi “vernacular”. Da masu cin tarar sun binciki asalin wannan kalma da sun ji kunya. Daga “verna” take, sunan da Rumawa suke kiran bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, abin da Hausawa ke kira bacucane. Daga nan sai a rubuta wa yaro kalma ashirin a allo, ba mai dangantaka da wata, a ce gobe ya zo da su a ka. Jibi sun tashi.

INDA DABARAR TAKE TUNTUƁE

Kada mai karatu ya ɗauka an sami maganin kowace cuta. Ɗafa-goshin Turanci ba su da yawa, gaskiya ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna guda huɗu kacal, “un” da “re” da “in” da “dis”, su ne a kan kashi 58 cikin ɗari na kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan makaranta. Amma suna da ha'inci. An koya wa yaro “in” korewa ce, kamar a “incorrect” da “invisible”. Sai ya ga tankar mai an rubuta mata “highly inflammable” da jan fenti, ya fassara cewa ba ta kama wuta. Alhali wannan “in” ɗin dabam ce, ma'anarta a ciki, kuma abin da ake nufi shi ne ƙyas kaɗan ta tashi. Wannan kuskure ya wuce na faɗuwa jarrabawa.

Kuma ba kowane “un” ne ɗafa-goshi ba. “Uncle” ba kishiyar kome ba ne, kamar yadda madara ba wurin yin dara ba ne. Ma'ana kuma tana ƙaura. “Nice” da ake yaba mutum da ita yau, asalinta a Latin jahili take nufi. Akwai kuma masu ƙirƙirar asali da ka, irin masu cewa “news” haruffan farko ne na arewa da gabas da yamma da kudu. Ƙarya ce, jam'in “new” ne kawai. Malamin da zai bi wannan hanya sai ya riƙe ƙamus mai nuna asalin kalma, kada ya riƙa harbi a duhu.

Babbar iyakarta kuwa ita ce ƙananan kalmomin yau da kullum, irin su “get” da “put” da “take”, waɗanda ba daga Latin ko Girka suka fito ba. Ba saiwar Latin da za ta gaya maka bambancin “put off” da “put out” da “put up with”. Waɗannan sai da yawan ji da yawan karatu. Sinawa da kansu sun ɗanɗana wannan, har suna da suna da suke kiran abin, Turancin bebe, watau ɗalibi ya san kalma dubbai amma in baƙo ya tambaye shi hanya sai ya yi zuru.

Mu kuwa ciwonmu kishiyar nasu ne. Yaron Kafanchan ba bebe ba ne. Yana jin Turanci a rediyo, a majami'a, a wayar hannu, a bakin 'yan kasuwa, zai kuma yi hira da kai har ka gaji. Inda yake faɗuwa shi ne in an miƙa masa takarda cike da dogayen kalmomin littafi. Wato daidai wurin da dabarar saiwa take da ƙarfi, nan ne rauninsa yake. A ganina ta fi dacewa da shi fiye da waɗanda suka yi suna da ita.

Kayan aikin ba sai an yi odarsu daga waje ba. Ƙamusun Hausa na Bargery, wanda aka buga tun 1934, yana nuna kalmar da ta fito daga Larabci da wadda ta fito daga Turanci. Akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977, yanzu take Gidan Waya, garin da rabin sunansa ma aro ne, don waya “wire” ce. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin Kafanchan. Ba abin da zai hana malamai a waɗannan wurare su sa ɗalibansu su tattara kalmomin aro ɗari biyu ko uku da kowane yaro ya sani, su jera wa kowace danginta na Turanci, a buga ɗan littafi mai araha don malaman ƙananan sakandare. Minti goma a farkon darasi ya isa.

In za a yi, a fara da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage a garin, direbobi da masu gadi da makanikai, don akwai kalmomin loko da na sigina a bakinsu waɗanda samari ba su taɓa ji ba, kuma kullum raguwa tsofaffin suke yi. Galibi zancensu ba ya wuce fensho. Ita ma tana da nata dangin. Rumawan farko auna kuɗi suke yi a kan ma'auni mai rataye, saboda haka awo da biya da ratayewa suka zama 'yan gida ɗaya a harshensu. Daga nan aka sami “pension”, da “spend”, da “expensive”, da “compensation”, da kuma “pending”, abin da aka rataye ba a gama ba, wadda duk tsohon ma'aikacin da ya taɓa bin takardun haƙƙinsa ofis-ofis ya san ta ba sai an fassara masa ba.